Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Al'ada da Neman Ilimi a Ƙasar Hausa ta Nijar

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai kowa Mai komai, wanda ya nuna wa jama'a wannan rana lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Gaisuwa da ban girma ga Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninsa. Gaisuwa ga sarakunan da suka taso daga nesa da kusa domin taya murna, da wakilan hukuma, da hakimai da masu gari, da limamai da malaman zaure, da malaman lakwal, da iyaye mata, da samari da ƴan mata, da dukkan baƙin da suka halarci wannan biki.

Shekara ɗari ba kwana ɗari ba ce. A cikin wannan tsawon lokaci gidan sarautar nan ya ga mulkin Nasara, ya ga ƴancin kai na shekarar 1960, ya ga farin 1973 da na 1984, ya ga gwamnatoci sun zo sun wuce, shi kuwa yana nan inda kakanni suka kafa shi. Akwai wani baƙo da ya sauka ƙasar nan kusan lokaci guda da farkon wannan ƙarni na sarauta, wanda har yau bai gama zama ɗan gida ba. Baƙon nan shi ne lakwal, wato makarantar boko. A kansa wannan jawabi zai tsaya, domin a duba yadda al'adar jama'a take yanke abin da yaro zai koya, da harshen da zai koya da shi, da lokacin da zai zauna karatu, har ma da wanda za a bari ya je makarantar da wanda za a tsare gida. Tarihin shekarun nan ɗari ya nuna abu guda a fili: duk inda makaranta ta shigo ta ƙofar al'ada ta zauna lafiya, inda kuwa ta haura katanga, sai jama'a su juya mata baya.

Makarantar gida da ta sana'a

Kafin yaron Bahaushe ya riƙe allo ko alli, ya riga ya yi shekaru yana karatu a tsakar gida. Da dare kaka takan tara jikoki ta ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, su ji ƙarshen mai kwaɗayi da ribar mai haƙuri. Kacici-kacici yana wasa ƙwaƙwalwa, karin magana yana koya wa yaro yadda ake faɗin magana mai nauyi cikin kalmomi kaɗan, salon magana mai karya harshe kuwa yana gyara lafazi. A nan ne ake koya masa durƙusawa in zai gai da babba, da karɓar abu da hannun dama, da sauke ido gaban surukai da malamai. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sun ce ɗa na kowa ne, saboda haka maƙwabci yana da ikon tsawata wa yaron da ya gani yana ɓarna, uban yaron kuma ya bi shi da godiya.

Sana'a ita ma tana da tata hanyar koyarwa. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga, ya daɗe yana kallon hannun ubansa kafin a miƙa masa masaba. Haka dukawan Damagaram suke koyar da aikin fata, haka matan Mirya suke koyar da ginin tukwane, haka masaƙan tabarmin Madawa da manoman albasar Galmi suke miƙa wa ƴaƴansu abin da suka gada. Ba a yawan bayani da baki. Ana kallo, ana kwaikwayo, ana kuskure, ana gyarawa, har hannu ya faɗa. Kowace sana'a kuma tana da shugabanta wanda fada ta naɗa, kamar Sarkin Maƙera, da Sarkin Pawa, da Sarkin Aska, da Sarkin Magina, kuma su ne suke shaidar wanda ya ƙware.

Wannan hanya ba ta mutu ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa irin su gawo a cikin gona ana yi musu aski maimakon a tumɓuke su. An ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya sun kai kimanin hekta miliyan 5. Mafi yawan manoman nan ba a aji suka koyi dabarar ba. Maƙwabci ne ya ga gonar maƙwabcinsa ta yi kyau, ya tambaya, ya gwada a tasa. Gani ya kori ji.

Allo da zaure

Makaranta ta biyu ita ce ta allo, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar nan kafin zuwan Nasara. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sa'an nan ya shiga rubuta allonsa da tawada yana wankewa, har ya kai ga sauke izu sittin bisa ruwayar Warshu. Daga kolo ya zama titibiri, daga titibiri ya zama gardi, mai rabo ya kai alaramma ko gwani. Wanda ya so zurfafawa sai ya koma zaure gaban malami, ya karanci Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, har zuwa Askari. Ilimin wannan ƙasa bai tsaya cikin gida ba: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a shekarar 1754 a Maratta ta ƙasar Gobir, cikin Nijar ta yau, har Agadas ya je domin ɗaukar karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Abin lura a nan shi ne yadda makarantar allo ta daidaita kanta da rayuwar jama'a. Ana karatu da asuba da yamma da dare a bakin wuta, rana kuwa yaro yana taimakon gida. Ana hutu Alhamis da Juma'a. Da damina malam da almajirai suna gona, bayan girbi karatu ya yi ƙarfi. Ladan malami shi ne kuɗin Laraba, da damin hatsi, da abin sadakar sauka, gwargwadon ƙarfin kowa. Ko da yake nassin Larabci ne, bayani da nasiha da tsawa duk da Hausa ake yin su, kuma daga haruffan nan ne aka sami ajami, wanda sarakuna suka rubuta wasiƙu da shi, fatake suka riƙe lissafinsu, malamai suka tsara waƙoƙin wa'azi. Shi ya sa ba a taɓa aika dogari ya kamo yaro zuwa makarantar allo ba. Uba ne da kansa yake riƙo hannun ɗansa ya kai shi.

Fada ita ma makaranta ce. A zaman fadanci yaro yake ganin yadda ake sauraron mai ƙara da wanda ake ƙara kafin a yanke hukunci, da yadda ake sasanta manomi da makiyayi, da yadda kowane mai sarauta yake da wurin zamansa da lokacin maganarsa. Makaɗa da maroƙan fada sun riƙe jerin sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu a ka. Daga bakin irin waɗannan dattawa, tare da takardun tarihi, masana irin su André Salifou da Djibo Hamani suka rubuta tarihin Damagaram da na Adar, kuma a yau jami'o'in Damagaram da Tawa sunayensu suke ɗauke da su.

Yadda lakwal ta shigo

Sojojin Faransa sun kama Damagaram a shekarar 1899, daga baya kuma birnin ya zama hedkwatar mulkinsu har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Nasara yana bukatar tafintoci da magatakarda da malamai, saboda haka ya buɗe lakwal. Sai dai hanyar da aka bi wajen samo ɗalibai ita ce hanyar da aka bi wajen karɓar haraji da ɗibar mutane aikin tilas. Kumandan ya faɗa wa sarki adadin yaran da yake so, sarki ya aika wa masu gari, dogarai su shiga ƙauyuka. Iyaye suka riƙa ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu ko su tura su wurin dangi a wani gari. Manyan gidaje da yawa suka ba da ƴaƴan barorinsu da na marasa galihu a madadin nasu. Bayan shekaru, waɗannan yara da aka bayar don gudun sharri su ne suka dawo ma'aikatan gwamnati, wasunsu har suna ba ƴaƴan iyayen gidansu umurni.

Ba taurin kai kawai ya sa iyaye gudun lakwal ba. Yaro ya shiga aji ranar farko, a yi masa magana da harshen da bai taɓa ji ba. In ya kuskura ya yi Hausa, a rataya masa abin wulakancin nan da ake kira sambol, wanda ya kwana da shi ya sha hukunci. Littafin da ke hannunsa yana ba da labarin ƙasashen da bai sani ba, ba ya ambaton gero ko rijiya ko kasuwar garinsu. Ba a koyar da addini. Wanda ya yi nisa kuma sai an kai shi har makarantar William Ponty a Senegal, inda Boubou Hama ya fito a shekarar 1929 a matsayin malamin lakwal na farko ɗan Nijar. Uba ya ga ɗansa ya tafi yana gaisuwa a durƙushe, ya dawo yana miƙa wa dattawa hannu, yana ƙyamar fartanya. Sakamakon haka, lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba.

Ƙoƙarin sulhu

Masu hangen nesa sun gane inda gizo yake saƙa. A shekarar 1957 aka buɗe madarasa ta farko ta gwamnati a garin Sayi, inda aka haɗa Larabci da Faransanci, sai ga iyayen da suka ƙi lakwal suna kawo ƴaƴansu da kansu. A wannan gari ne kuma Jami'ar Musulunci ta fara aiki a shekarar 1986. A shekarar 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo, inda manoma suke zama su saurari shiri da harshensu, su tattauna, a naɗi muryoyinsu a mayar gidan rediyo. Wannan dabara ta yi tasiri domin ta yi kama da zaman hira na ƙofar gida wanda kowa ya saba da shi.

A shekarar 1964 Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, masanin kimiyyar hasken rana wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya wallafa littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya yi kira da a koyar da yara da harsunan iyayensu. A shekarar 1966 masana suka taru a Bamako suka daidaita haruffan rubuta wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A shekarar 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suke yin shekarun farko uku suna karatu da rubutu da lissafi da Hausa, Faransanci yana shigowa sannu a hankali. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Barbarci. Binciken da aka gudanar a kan waɗannan makarantu ya nuna cewa ɗalibansu sun fi sakin jiki a aji, sun fi fahimtar darasi, kuma ba a bar su baya ba ko a Faransancin kansa. Dalilin a bayyane yake: yaron da ya koyi haɗa baƙi da wasali da harshen da yake mafarki da shi, sau ɗaya zai koyi karatu, sauran harsuna kuwa ɗorawa ne kawai.

Duk da wannan sakamako, makarantun sun shafe shekaru masu yawa suna amsa sunan gwaji, adadinsu bai wuce ƴan gommai ba. Littattafai sun yi ƙaranci, malaman da aka horar ba su isa ba, jarrabawa da aikin gwamnati kuma duk da Faransanci suke, har wasu iyaye suka ɗauka ana so ne a ba ƴaƴansu ilimi mai rahusa. Dokar ilimi ta shekarar 1998 ta ba harsunan gida gurbi a azuzuwan farko, dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, sa'an nan a shekarar 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka ta buɗe hanya. Amma doka ba ta buga littafi, ba ta horar da malami, ba ta kuma shiga zuciyar uba ta gamsar da shi. Wannan aikin mutane ne.

Inda al'ada take bukatar gyara

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Al'adar da ta raini ilimi ita ce kuma a wasu wurare take tauye shi. Kunya ado ce, amma yaron da aka hore shi da yin shiru gaban babba yakan zauna a aji bai gane ba, ya kasa ɗaga hannu, malami kuma ya ɗauka daƙiƙi ne. Maganin yana cikin al'adar kanta, domin Hausawan da suka koyar da kunya su ne suka ce tambaya rabin ilimi, kuma matambayi ba ya ɓata. Ya kamata gida da makaranta su nuna wa yaro cewa tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce.

Almajirci ma ya canza kama. A da gari ne yake ciyar da almajiri, malam yana da gona, kowane gida yana da kwanon da yake fitarwa. A yau ana kwasar ƙananan yara zuwa manyan birane, har da tsallaka iyaka, inda ba wanda ya san iyayensu, bara ta cinye lokacin karatu. Wannan ba gadon malamai na ƙwarai ba ne, kuma malamai da yawa sun faɗi haka a kan mumbari.

Babban rauni kuwa shi ne na ɗiya mace. Binciken lafiya da yawan jama'a na shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matasan matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18. Yarinya takan fara lakwal da ƙwazo, sai talla ta raba ta da aji domin a tara kuɗin kayan ɗaki, ko kuma kwalejin ya yi nisa, iyaye su ji tsoron ta zauna gidan da ba su sani ba. Wannan tsoro ba abin raini ba ne, tsoron mutunci ne, kuma sai an amsa shi da masauki amintacce kafin a zargi uba. A shekarar 2017 hukuma ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke cikin karatu. Tarihi kuma yana da misalin da ya isa koyi. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu a shekarar 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, ta kafa tsarin ƴan taru, ta naɗa jajis, wato dattijan mata masu jagorantar ayari, ta ɗora musu malfa irin wadda aka san Innar Gobir da ita. Mata suka ga alamar shugabancin da suka saba girmamawa, suka bi ta zuwa karatu. Sarautar Inna tana nan a Tibirin Gobir, ta Iya tana nan a Maraɗi, kuma kowace fada tana da iyaye mata waɗanda ake jin maganarsu a cikin gidaje fiye da ta kowane jami'i.

Abin da ya rage ga fada

Ranka ya daɗe, ta ƙofar fada lakwal ta shigo ƙasar nan da ƙarfin bulala, kuma ta ƙofar fada ce za ta zama ƴar gida da yardar jama'a. Sarakunan Nijar, ta hanyar ƙungiyarsu, sun riga sun sa baki a yaƙin sanya ƴan mata makaranta, kuma an ga amfanin hakan. Akwai sauran ayyukan da ba su fi ƙarfin fada ba.

Na farko, kowane mai gari ya san adadin yaran garinsu da suka isa shiga makaranta da waɗanda suka bari, kamar yadda ya san adadin gidajen da ke ƙarƙashinsa, ya kawo bayani gaban Sarki kowace shekara. Na biyu, tunda komawa makaranta a watan Oktoba takan haɗu da girbi, kuma ranar kasuwa takan kwashe aji, a zauna da iyaye da malamai a sami daidaito, yadda gona ba za ta yi asara ba, aji kuma ba zai zama kango ba. Na uku, a garuruwan da ke da kwaleji, fada ta zaɓi gidajen mutunci da za su riƙi ƴan matan ƙauye, iyaye mata na fada su sa ido a kansu. Na huɗu, a haɗa alaramma da malamin lakwal a inuwa ɗaya, yaro ya yi allo da asuba ya tafi aji da hantsi, kada a tilasta wa uba zaɓen ɗaya ya bar ɗaya. Na biyar, a gayyaci Sarkin Maƙera da Sarkin Noma da makaɗan fada su shiga aji su koyar da abin da suka sani, a kuma sa ɗaliban lise da na jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa su naɗi muryoyin dattawa, su rubuta tarihin gidan nan da Hausa, da boko da ajami, tun masu riƙe da shi suna raye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Waɗanda za su shirya bikin cika shekara ɗari biyu na wannan sarauta suna nan a bayan iyayensu mata, wasu ma ba a haife su ba. Irin karatun da za su samu, da harshen da za su rubuta tarihin wannan rana da shi, ya dogara ga shawarar da za a yanke a zaurukan gidajen nan.

Allah ya jiƙan sarakunan da suka gabata, ya haskaka kabarinsu. Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da imani da adalci, ya ba ƙasa damina mai albarka da zaman lafiya, ya shiryi zuriya, ya ba su ilimi mai amfani. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.